Wayar da Surukina ya Ja zuwa Murhuna

Ranar da Tsoho ya kwana uku a ƙasa, ina durƙushe a madafa ina dama furar masu gaisuwa, sai na ji wani namiji ya ce, kamar a bakin kunnena: "Allah shi jiƙanshi da rahama. Amma in za a hwaɗi gaskiya, ba abin da yab bari sai shara."

Ban waiga ba, don na san inda muryar ta fito. Bisa murhuna akwai gwangwanin madara rataye da ƙusa, an huhhuda bakinshi, waya ta fita daga gindinshi ta bi katanga har ɗakin Tsoho da ke jikin zaure. Tsoho shi ne uban mijina. Ban taɓa faɗin sunanshi ba shina raye, ba kuma zan fara a takarda ba. Da ciwo ya kwantar da shi, na roƙi Gwaggo, ƙanwarshi da ke zaune tare da mu, ta ɗaure maɓallin wayar na ɗakinshi da roba, don in ji in ya yi tari ko ya nemi ruwa. Ya rasu, anka fita da shi, ba wanda ya tuna da robar. Maza kuwa nan sunka shimfiɗa tabarmi, ƙofar ɗakin, ƙarƙashin rumfa. Na san sauraren zancen maza ba tarbiyya ba ce. Ban ce a kwance ba.

Kwana uku ina jin su. Wani ya ce mutum ne marar faɗa. Wani ya tuno ranar da ya ciro fanka daga mataccen kamyo, babbar motar kaya, ya haɗa ta da bateri ya kai masallaci lokacin zafi, ta tashi da hular ladan har bakin ƙofa. Sunka yi dariya, sannan sunka tuna inda suke, sunka yi istigfari. Wani dattijo ya ce ai gado ne: kakanninsu su ke yanka bisa dutsen gabas da gari kafin shuka, shi kuwa ya bar tsafin dutse ya kama na waya. Liman ya ce a bar wannan magana, mutumin bai taɓa rasa sahu ba. Abokin dararshi, wani Bafillace mai shanu da ke zaune bayan kwari, can ya ce shi dai bai san wanda zai riƙa yi mishi maguɗi ba yanzu.

Sannan Yaya ya yi magana, wan mijina, babban ɗan Tsoho, mai sayar da albasa a Madawa. Ya ce da an yi sadakar bakwai zai kira mai sayen tsohon ƙarfe, a auna duk abin da ke ɗakin, a share, a zuba albasa. "Hannun da yas san kayan ga ya shiga ƙasa," in ji shi. "Wa za a bar ma su? Ɓeraye?"

Mijina shina Libiya wajen bida, neman kuɗi. Da anka kira shi a salula, ya ce abin da Yaya ya ce shi ke nan.

Shi ya sa na ɗauko kayena, littafin rubutuna na karatun manya. Masu gaisuwa sun faɗi nasu, sun kaɗe riguna sun tafi. Ni ma zan faɗi nawa. Ba zan ɗaga murya ba, ban saba ba, amma ba zan rage komi ba.

Daga wani ƙauye kusa da Galma anka kawo ni gidan nan. Farkon ganina da shi, shina bisa soro da ƙafar keke ɗaure a kan dogon gora, shina juya ta, wai shina neman tashar wata ƙasa. Na rufe fuska na wuce. Shekara biyu haka munka zauna: in ya shigo ta nan, in fita ta can. In na kai tuwo sai in aje akushi bakin ƙofa, in yi gyaran murya, in juya. Haka anka koya mini, haka uwata ta yi da nata suruki.

Wata rana na dawo daga rijiya na tarar da gwangwani bisa murhu. Ban taɓa shi ba. Ina tsakiyar tuƙi sai ya yi ƙara, ya ce, "Ɗiyata." Muciya ta suɓuce ta faɗa toka.

"Kak ki gudu, ni ne. An ce suruki ba shi haɗa ido da matar ɗanshi. Na yarda. Amma na tambayi tsohi, na tambayi liman, ba wanda yaj ji an hana waya. In kina ji, danna wanga guntun cokali ki ce kina ji."

Na daɗe kafin in danna. Na ce ina ji.

"Madalla. Miyar jiya gishiri ya yi yawa."

Labari ya zaga gari cewa Tsoho ya ƙera abin kiran fura don ƙiwar tashi. Ya bar su da wannan, bai gyara musu ba.

Ta wannan gwangwani na ga duniya. Ina tankaɗe, shina ba ni labarin Abijan, yadda ruwan teku ke tafiya shina dawowa kamar wanda ya yar da abu. Shina ba ni labarin kasuwar Kumasi, da jirgin ƙasan da ya hau ba don shina da wurin zuwa ba, don kawai shi ga yadda ake tsayar da shi. Samarin ƙasarmu ta Adar duka suna tafiya bida, ba shi kaɗai ba. Sai dai su suna dawowa da atamfa da kwanuka da katifa, shi kuwa da buhu. Gwaggo ta ba ni labarin buhun farko. Shekara biyu ya yi a Abijan, rabinsu shina shara kyauta a rumfar wani mai gyaran radiyo, don a bar shi shi tsaya shi kalla. Da anka ce ya sauka kamyo a Tamaske, uwar mijina ta yi guɗa ta tara maƙwabta. Anka kwance buhu, matattun radiyoyi ne, ko ɗankwali babu. Ta kwashe su ta watsa cikin kwari. Ya bi yashi shina tsinta ɗai-ɗai har rana ta faɗi. Kafin damina, huɗu cikinsu suna magana, ya aje ɗaya bakin ɗakinta. Wata guda ta yi ba ta dube shi ba, in ji Gwaggo, sannan anka jiyo ta tana gardama da mai karanta labarai.

Maganarshi ta kullum ita ce, kak ki ce abu ya mutu in ba ki buɗe cikinshi ba. Ya faɗa mini ita a kan cocila, a kan agogo, a kan auren ƙanwata da na ce ya mutu, bai kuwa mutu ba.

Ya yi gurmi da gwangwanin mai da wayar birkin keke, ya haɗa shi da cikin radiyo don muryar ta ƙaru. Ba gwani ba ne, in faɗi gaskiya. Gwaggo takan ce da an ji gurmin sai awakin unguwa su fara neman wadda ke naƙuda cikinsu. Shi kuwa sai shi ƙara mishi murya. Amma da ladan ya yi gyaran murya zai cire pil, baterin radiyon, ko tsakiyar waƙa ne.

Kafin salula ta zo, matan da mazansu ke bida nan suke zuwa su yi kaset a aika musu. Sai shi aje na'urar bisa tabarma, shi nuna wa mace inda za ta danna, shi fita zaure shi toshe kunnuwa da yatsu, don ta faɗi abin da ke ranta. Na ga mata sun fito daga ɗakin nan suna share ido, na ga waɗanda sunka fito suna dariya. Ko ƙwai bai yarda a aje mishi ba. Wasu daga cikin masu cewa shara ranar gaisuwa, muryar uwayensu ta tsallaka ƙasashe daga bisa wannan tabarma.

Ba zan ce waliyyi ne ba. Akwai shekarar da ya kai albasar gida kasuwa, ya dawo da panon rana mai ba da lantarki da bateri, munka ƙarasa bazara da kunu. Na ji haushi, na kwana biyu ban amsa gwangwani ba. Yaya ma shina da abin da ya riƙe, ba kuma ƙarya ya riƙe ba. Lokacin shina lakwal, makarantar boko, ɗan mai shara ake ce mishi. Tsoho ya ƙera mishi kamyo na gwangwani, da ampul biyu, ƙwan fitila, masu kamawa da ƙofa mai buɗewa, wai don a daina. Yaya ya kai shi lakwal, anka ƙara yi mishi dariya. Ya dawo gida ya aje kamyon gaban ubanshi ya taka shi da ƙafa, ya ce shi takalmi yake so kamar na kowa. Tsoho ya ɗauka ya aje bisa kanta. Shekara arba'in shina nan a lotse. Mutumin da ba shi iya ganin karyayyen cokali shi bar shi, bai taɓa sa hannu ga kamyon nan ba. Da Gwaggo ta ba ni labarin, na tambaye shi dalili. Gwangwani ya ce, "Wanga ba nawa ba ne. Mai shi bai kawo gyara ba."

Bayan azahar kullum suna ƙarƙashin gawo shi da Bafillace, sun tona ramukan dara a yashi, ɗaya da kara ɗaya da tsakuwa. Kowa na rantsuwa ɗan'uwanshi ke maguɗi. Wata rana faɗan ya yi tsanani, sunka yi mako biyu ba magana. Tsoho ya shiga ɗaki ya fito da dara ta katako da ƙusoshi, da ampul da ke kamawa in an jera uku, don kada kowa shi ƙara musu. Bafillace ya yi wasa biyu ya sha kashi, ya ce ampul ɗin ma Bahaushe ne, ɗan'uwanshi yake bi. Sunka koma yashi.

Shekara bakwai kafin rasuwarshi yanar ido ta fara rufe mishi gani, hannu kuma ya kama rawa. An kai shi likita, ido ɗaya ya ɗan buɗe ya sake rufewa, ya ƙi komawa. Bai gaya wa kowa iyakar abin ba. Mutane sunka ci gaba da kawo radiyo da cocila da abin cajin salula, shina karɓa, shina cewa a dawo jibi.

Wata safiya na ɗauko akushinshi zan wanke, na ji nauyi. Na ɗaga faifai. Cikin radiyo ne a buɗe, da guntun dalma, da doguwar ƙusa mai ƙotar icce.

"Ɗiyata, kin gani?"

Na ce na gani, Baba, ko mantuwa anka yi.

"Ba mantuwa ba ce. Sa ƙusar ga garwashi. Akwai jar waya da tat tsinke kusa da gidan pil. Ina jin ta da yatsa, ba ni ganin inda za ta."

Na ƙona yatsa biyu ranar. Na lalata radiyon wani gaba ɗaya, Tsoho ya ba shi nashi ya ce wai ya fi kyau. Haƙurinshi ga kaya ya fi haƙurinshi ga mutane, sai in ji gwangwani na cewa, "Kaɗan! Ba tuwo kike kwasa ba, ɗigo guda!" In na gama sai in maida cikin akushi tare da tuwon rana, in rufe, in aje bakin ƙofa, in yi gyaran murya. Shi kuma shi bi aikin da kan yatsa. In ya yi, ba shi cewa ya yi. Sai dai in ji gurmi.

Shi ya matsa wa mijina in shiga karatun manya, ya ce don in riƙa karanta takardar likita ta 'yan biyuna. Gaskiyar ita ce ƙananan kayan cikin radiyo suna da lambobi a jikinsu, shi kuwa ya daina ganin su. Na shiga don lambobi, na fito da rubutu.

Na tambaye shi don mi ba za mu faɗa ba. Ya ce in sun ji mace ke yi, za su daina kawowa, in sun ji ba shi gani, za su fara yi mishi sannu da murya irin ta majinyata. Ya ce duk rayuwarshi ana yi mishi dariya, ya saba, amma tausayi ne ba zai iya ɗauka ba. Ni ma, in ban ɓoye ba, kunya ta fi mini sauƙi. Gwaggo kaɗai ta sani, don ƙaurin dalma ba shi ɓoyuwa ga mai shiga madafa.

Ranar da ya cika, tsakanin azahar da la'asar, na ji ya ce, "Ɗiyata, kina nan?" Na danna cokali na ce ina nan, Baba. Ya ce, "To." Shekara ashirin da biyu muna magana kullum, ban taɓa kallon tsakiyar idonshi ba.

Washegarin sadakar bakwai da hantsi na ji kukan jaki ƙofar gida. Mai sayen ƙarfe ne da amalanke da ma'auni. Ta gwangwani na ji an buɗe ɗakin, na ji an jawo buhun farko, abubuwa suna karo da juna. Na san ƙarar kowane. Ba ni da gado a gidan nan, na sani. Ban taɓa magana gaban mazan gidan ba. Na duba hannuna, tabon ƙuna na nan a yatsa biyu. Na danna cokali.

"Yaya, don Allah a dakata."

Gwaggo ta ce mai ƙarfe ya saki buhu ya yi waje da baya, don murya ta fito daga ɗakin mamaci. Ni dai abin da na ji shi ne muryar Yaya, ya matso kusa da wayar.

"Uwar 'yan biyu, ke ce? Wagga magana ta maza ce. Ki yi haƙuri ki koma ga aikinki."

"Aikina ne ake aunawa, Yaya."

Na zuba garwashi a kasko, na ɗauki ƙusata, na ja mayafi, na ratsa tsakar gida. Tafiyar ba ta fi taki talatin ba. Akwai maza wajen shida ƙarƙashin rumfa, har da Bafillace, wanda tun rasuwar ke zuwa shi zauna. Na durƙusa gefen tabarma, na gaishe su, kaina ƙasa. Na ce na ji an ce hannun ya shiga ƙasa. Na ce kan ne ya shiga ƙasa, Allah shi gafarta mishi, hannun kuwa ga shi. In akwai mai mataccen abu, shi ba ni.

Wani ya yi dariya. Yaya ya ce in tashi, ina ba shi kunya gaban baƙi. Gwaggo daga bakin zaure ta ce, "Kai, ɗan wana, kunyar da kake ji tun kana lakwal ba ta ƙare ba? Bar ta."

Bafillace ya zare radiyon da ke rataye a kafaɗarshi ya aje gabana. Ya ce kwana biyar ke nan da radiyon ya yi shiru, shina yawo da shi ne don bai san inda zai kai ba.

Na buɗe bayan da bakin wuƙa. Pil ne ya zubar da ruwa ya ci gindin waya. Na kankare tsatsar, na yanke inda ya ruɓe, na jira ƙusa ta yi zafi. Sai na ji kamar ana cewa kaɗan, ɗigo guda. Na ɗiga. Na roƙi pil daga cocilar liman. Radiyo ya yi shuu, ya yi tari, sannan wani mutum ya fito shina sanarwar raƙumar da ta ɓace, mai tsagar kunnen hagu.

Mai sanarwa ya ci gaba da siffanta raƙumar.

Yaya ya tambayi Gwaggo tun yaushe, ba ni ya tambaya ba. Ta ce shekara bakwai, kuma abin cajin da ya aiko bara daga Madawa, wanda ya yi ta yabon tsoho bai tsufa ba, a kan murhu anka gyara shi tsakanin miya da tuwo.

Bafillace ya ce shi ya sani tun ranar da abokinshi ya fara laluben ramukan dara da yatsa. "Makaho ke amsa, radiyo shi dawo shina magana. Nic ce ko dutsen kakanninsu ne, ko akwai wani hannu cikin gidan ga. Tun ran nan ban ƙara yi mishi maguɗi ba." Ya rataya radiyonshi. "Sai sau biyu."

Mai ƙarfe ya leƙo ya tambaya ko za a auna ne ko shi wuce, in kuma ba za a auna ba, ko matar za ta duba mishi cocilarshi. Yaya ya daɗe shina kallon cikin ɗakin. Bai ce na yi daidai ba, har yau bai ce ba. Ya ce a ba jakin ruwa, tafiya da nisa. Ba a auna komi ba.

Kwana biyu ya ƙara a gida, nan ɗakin yake wuni shi kaɗai. Ni ke kai mishi tuwo, cikin akushin Tsoho, don shi ne babba yanzu. Safiyar da ya koma Madawa na je ɗauka, na ji nauyi. Na ɗaga faifai. Kamyon ne, a lotse, da tsatsar shekara arba'in.

Allah shi jiƙan Tsoho, shi yafe mishi albasar shekarar nan da maguɗin dara, shi buɗe mishi ido a inda ya tafi. Allah shi ba masu cewa shara haƙuri su ma, don yanzu a ƙofar ɗakin nake zama da rana tsaka, da kaskona da ƙusata, kuma ni suke wa sallama in abinsu ya mutu. Wanda ya fara faɗin kalmar ya zo makon jiya da radiyon matarshi. Na gane muryar. Na ce shi dawo jibi.

Kamyon na miƙe shi, ƙofar na buɗewa, ampul ɗaya na kamawa. Na biyun wayarshi can ciki take, sai wani ya riƙe wani ya ɗiga dalma, hannu biyu ba su isa ba. Gwaggo ta ce ta riƙe mini, na ce a'a. Na aika wa Yaya cewa in ya zo ɗaukar albasa shi shigo ɗakin ubanshi shi zauna bisa tabarma, akwai wayar da zai riƙe.